Kyamarar Da Ba Ta Kai Kifin Gwangwani Kauri Ba

Tun ranar da na dawo daga Sakkwato ban samu na ɗinka riga guda cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ce, "Isuhu, wai yaya ka ƙare da tafiyar kyamara?" Na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa wanzami, na faɗa wa mushen lakwal, malamin makarantarmu, har sau biyu, don a na farko gyangyaɗi yake yi. Yanzu labarin ya fara dawo mini da ƙari, wai an kulle ni a iyaka, wai rediyo aka sayar mini da sunan kyamara. To ga shi daga bakina, in kun ji ku bar ni in taka kekena.

Ni ne autan Inna. Ɗanta na fari, Yaya Mahamadu, shekararsa goma sha biyu a Abijan yana sayar da albasa, bai taka Dogarawa ba. Da farko rikicin ƙasar ne ya tsare hanya, daga baya shago da iyali suka riƙe shi. Kun dai san Inna da kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan na bakin ruwa" take ce masa. In ya kira salulata ba ta karɓa. Sai ta jawo faifai ta zauna kusa da ni tana tsintar wake, waken da ko tsakuwa ɗaya babu a cikinsa. Bara ya aiko da hotonsa, ina miƙa mata ta kau da kai ta ce, "Kau da abinka, ni na ce maka ina nemansa?" Sai na soke hoton a jakar aljihuna, nan yake zaune.

A bazarar dubu biyu da bakwai, lokacin kwasar albasa, Yaya ya kira ni. Ya ce, "Auta, jiya na rufe ido ina son in tuno fuskar Inna, sai fuskar wata mai ƙosai ta unguwarmu ke zo mini." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Ka samo mini hotonta ko ta halin ƙaƙa. Motar albasa za ta taso daga Galmi nan da sati biyu, direban mutumina ne, ka ba shi."

Na ɗauko Idi mai hoto. Idi ya zo da aparai ɗinsa mai dogon hanci rataye a wuya. Ko zaure bai wuce ba Inna ta hango shi, ta shige ɗaki ta saki asabari. Daga ciki take magana: "Hotona a bangon ɗakin wancan? In zauna ina kallonsa safe da marece? Ba a haife ni da wannan rashin kunya ba." Idi ya tafi da hoton akuyarmu. Amma a hanya ya ce mini akwai wata kyamara sabuwar yayi, siririya, ba ta cin fim, kana ɗauka kana gani, kuma Sakkwato ake samunta.

Ni tela ne, ban yin abu ba awo. Inna tana da ido kamar na shaho a kan aljihun gaban rigata, tun ina yaro da nake ɓoye alewa. Don haka na yi gwaji. Na sa sabulu a aljihu na gifta ta gabanta, ta ce, "Auta, mi ka ɓoye a ƙirji?" Na sa ƙaramar rediyo, ta ce in fito da ita mu ji labarai. Da na sa kifin gwangwani, irin falalen nan, na wuce sau uku ba ta ce uffan ba. Na ce alhamdulillahi, ma'auni ya samu. Duk kyamarar da ta fi gwangwanin nan kauri ba tawa ba ce.

Na ce wa Inna zan je Sakkwato sayen zare da allurar keke. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce zare ya ƙare a Konni ke nan? Sannan ta ba ni ƙullin daddawa in kai gidan Kawu, ƙanenta da ya rasu a Sakkwato ya bar iyali can.

Motar da na shiga a tashar Dogarawa an yi ta don mutum tara, mu goma sha huɗu ne da rago. Aka matse ni jikin wata Hajiya mai fataucin atamfa, ta sha turare kamar za ta gidan biki. Ba mu kai Malbaza ba rana ta buɗe, daddawar Inna ta fara gaisawa da jama'a. Hajiya ta toshe hanci ta ce wa mai ragon, "Malam, mi ka ba dabbar ga ta ci?" Mutumin ya rantse da Allah harawa ce kawai. Suka yi ta yi har Tsarnawa, ni kuwa na ɗora jakata a cinya ina taya Hajiya, ina cewa lalle raguna na yanzu ba su da tarbiyya. Allah ya yafe mini.

A Tsarnawa jandarma ya karɓi katin kowa. Da ya zo kaina ya daɗe yana duban hoton, yana dubana. Hoton tun ina saurayi ne, wuya kamar na zalɓe. Ya ce, "Wanga kai ne ko ɗanka?" Na ce ni ne kafin in yi aure. Ya miƙo mini ya ce matata ta iya tuwo.

A Konni na fara zaga kasuwa, ko Allah zai hutar da ni ƙetare iyaka. Ina! Duk manya ne masu igiya, irin na Idi. Na canza sefa zuwa naira, aka cika mini hannu da takardu har na ji kamar in sayi gida. Jin ya bar ni tun a wurin mai shayi na farko. Daga nan na hau kabu-kabu zuwa iyaka, ga Hajiya a wani babur a gabana, ashe ita ma Sakkwato ta nufa.

A ƙofar shiga Nijeriya wani ma'aikaci mai ƙaton tumbi ya lalube jakata, ya ci karo da daddawa ya ja baya. Hajiya tana gefe, ta juyo ta harare ni, harara irin wadda ba a mantawa. Sannan ma'aikacin ya taɓa aljihuna ya ce, "Wannan fa?" Na fito da gwangwanin. Ya ce guzuri ne? Na ce a'a, awo ne. Ya ce awon me? Na ce awon kyamara. Ya kira abokin aikinsa, suka juya gwangwanin, suka girgiza shi a kunne, suka dube ni da tausayi. Na ji ɗayan yana cewa, "Bar shi ya wuce, rana ce ta taɓa shi."

Su ma can suna da Illela tasu, kuna ƙetarawa ita ce ke tarbarku, sai dai ta fi tamu hayaniya da warin fetur. Nan muka shiga motar Sakkwato. Direbobinmu suna kashe mutum da jira, nasu da gudu. Tun muna hira har kowa ya koma salati. Hajiya, da ta ƙi yi mini magana saboda daddawa, ta kama hannun rigata ta ce in mun sauka lafiya ta yafe mini. Da muka sauka ta fasa.

Gidan Kawu yanzu babban ɗansa Bello ne ke riƙe da shi, mai sayar da kayan babur, taubashina. Yana ganina ya ɗaga murya don maƙwabta su ji: "A ɓoye tuwo, Faransawa sun sauka!" Na ce ai mun ji an ce yunwa ta kama ku, shi ya sa aka aiko muku da daddawa. Bello yana da wani gemu da yake ji da shi, kullum da ɗan mataji a aljihu, yana magana yana shafa shi.

Aka ba ni ɗaki mai fanka. Na yi murna, ashe fankar ado ce. Wuta takan zo ta tafi yadda ta ga dama, kuma duk lokacin da ta dawo sai unguwa gaba ɗaya ta ɗauki ihu kamar an haifi ɗa namiji. In ta ɗauke kowa ya yi tsaki, janareto su tashi. Na ce wa Bello mu a unguwarmu mun fi ku kwanciyar hankali, ba mu da ita, ba ta yaudarar kowa.

Abincinsu ma sai a hankali. Da safe aka kawo mini shayi a wani kofi kamar bokiti, fari fat da madara, ga burodi mai laushi kamar matashin kai. Na ce ina shayin? Ina 'yan kofunan gilashi, ina kumfa, ina na ɗaya da na biyu da na uku? Bello ya ce su ba su da lokacin zama awa biyu a kan cokali uku na ruwan ɗaci. Ya ce burodinmu kuwa ba abinci ba ne, sanda ce ta korar ɓarawo. Amma gaskiya tuwon shinkafar matarsa da miyar taushe, na ci har na sassauta tazuge.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ajiye kofinsa. "Gwaggo? Gwaggo za ka ɗauka hoto a ɓoye? Matar da ta gane na sha mata nono daga yadda nake tafiya?" Ya kama gemunsa ya ce, "In ka samu hoton fuskarta, ido biyu da hanci da baki, wallahi sai na aske wannan." Na ce matarsa ta zama shaida. Ta ce ta daɗe tana roƙon Allah ranar.

Muka shiga kasuwa layin masu kayan wuta. Shagon farko na ce ina neman aparai, yaron shagon bai gane ba, mai shagon ya ce, "Kyamara yake nufi, ɗan Nijar ne." Daga jin haka ya ɗauko mini wata ƙatuwa ya ce mega goma ce. Na ce mi ne ne mega? Ya ce, "Mega dai, mega. Ka ga wannan goma ce, waccan shida." Na ce na ji, amma goman mi? Ya ce in dai ina son abu mai kyau in daina tambaya. Na zaro gwangwanina na ajiye a kan teburinsa kusa da ita. Ta ninka shi uku. Na ce a sauke lafiya. Bello ya ja hularsa ya rufe fuska, ya ce kada in ƙara cewa na san shi.

A shago na biyu aka samu siririya, ta yi daidai da gwangwani cif. Zuciyata ta yi fari. Mai shagon ya danna ta, sai ta yi wata 'yar waƙa, hanci ya zuro daga cikinta, zuuu, tsawon yatsa. Na ce subhanallahi, wannan ai sallama take yi kafin ta shiga. In hancin nan ya leƙo daga aljihuna, Inna da muciya za ta mayar da shi. A na uku akwai mai cin pil irin na tocila, abin da zai fi mini sauƙi a ƙauye, amma wurin zaman pil ɗin ya kumbura kamar mai ciwon haƙori. Wata kuma ja ce wur, tana ƙyalli, ana hango ta daga Malbaza.

La'asar ta kusa, ƙafafuna sun gaji, na fara tunanin me zan ce wa Yaya. Sai Bello ya ce mu gwada wurin Oga, wani Ibo da aka haifa a nan, Hausarsa ta fi ta Bello gishiri. Oga ya dubi gwangwanin bai yi dariya ba. Ya ce, "Siririya, mara hanci, mara ƙara, wadda za ta ɓuya a aljihu. Malam, wa za ka ɗauka? Ni ban sayar wa masu leƙen matan mutane." Na ce uwata ce. Na kwashe labari na ba shi, har da wake da faifai.

Ya riƙe baki. Ya ce, "Ikon Allah. Tawa uwar in mai hoto ya zo, sai ta canza zane uku, ta kira ɗanta na fari ya tsaya a bayanta, ta ce a sake don ba ta yi murmushi sosai ba. Taku kuma ko sunansa ba ta faɗa? To ba ta sonsa ne?" Na ce ai shi ta fi so duk cikinmu. Ya girgiza kai ya ce shekara arba'in yana cikin Hausawa, har yau bai gama karatunmu ba.

Ya shiga ciki ya fito da wata baƙa, sumul, ba ƙyalli. Ya kwantar da ita gefen gwangwanin, sai ga gwangwani ya fi ta tsayi. Idonta ɗan mitsitsi ne a kusurwa, ba ya fitowa. Murfi ne da ita a gaba, ka zame shi ƙasa ta farka, ka mayar ta yi barci. Ya kashe mata ƙara, ya kashe walƙiyar da take yi a duhu. Ya ce aibinta ɗaya, batirinta falale ne kamar biskit, sai an sa shi a wuta, kuma ba ya daɗewa in ana yawan kallon gilashin baya. Ya ce garinku akwai wuta? Na ce akwai mai cajin salula a bakin tasha. Ya ce to ka zama abokinsa.

Ya nuna mini maɓalli biyu: na sama shi ke ɗauka, mai kibiya a baya shi ke nuna abin da aka ɗauka. Ya ce in gwada. Na rasa abin ɗauka, don Bello ya riga ya gyara tsayuwa yana taje gemu, ni kuwa ban son in buɗe sabon abu da shi. Sai na zaro hoton Yaya daga jakar aljihu, na shimfiɗa a teburi na danna. Ga Yaya a gilashi, tas, har furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne. Muka yi ciniki, Bello ya yi ta rantsuwa a madadina, Oga ya yi ta cewa mun kashe shi. Da zan tafi ya ce in bar masa gwangwanin, ba zai ci ba, ajiyewa zai yi don tarihi.

Da marece Bello ya ce in ara masa ya gani. Ya ɗauki gemunsa ta gaba, ta gefe, ta ƙasa, ya ce don 'ya'yansa su san ya taɓa yin arziki. Na yi mamakin yadda ya daɗe yana latse-latse, amma ban kawo komi a raina ba. A mota na goge hotunan gemun duka.

A iyaka mai tumbin nan ya gane ni. "Mai kifi! An samu awon?" Na zaro ta na nuna masa. Ya daure fuska ya ce nan wurin ba a ɗaukar hoto, doka ce. Sannan ya ja ni bayan wata bishiyar dogon yaro, ya gyara hula, ya shanye tumbi ya ce, "Amma nan ana ɗauka."

Na iso gida saura kwana takwas motar albasa ta tashi. Na zauna na ɗinka riga ta musamman, na yi wa aljihun 'yar kafa kamar gidan maɓalli daidai idon kyamarar. Kwana uku ina zaga Inna, hannu a ƙirji kamar mai ciwon zuciya. Na samu turmi. Na samu ƙafarta ta hagu. Na samu akuya, wadda yanzu ta fi kowa hoto a gidanmu. Inna ba ta zama wuri ɗaya, kuma in na tsaya a gabanta sai ta aike ni.

Rana ta huɗu da hantsi na same ta a ɗaki tana kaɗi. Na durƙusa a gabanta ina ba ta labarin matar Bello, na daidaita ƙirji, na danna. Jama'a, ɗakin nan ya haske fal kamar an yi tsawa a cikinsa! Daga ƙirjina! Inna ta saki mazari ta ce, "Innalillahi! Auta, mi ya fashe a jikinka?" Nan take na gane aikin Bello ne, shi ya mayar da walƙiyar don ya ceci gemunsa. Daga baya ya amsa da bakinsa a waya, yana dariya har da tari.

Inna ta miƙo hannu. Ba a yi wa wannan hannun gardama. Na zaro kyamarar ina rantsuwa ba abin da ya fito, kuma gaskiya ne, yadin aljihuna kawai ta ɗauka. Don in wanke kaina na danna mai kibiya ina nuna mata: ga turmi, ga akuya, ga wani mai tumbi. Na ƙara dannawa sai abin ya zagayo farko. Yaya Mahamadu ya fito, yana kallonmu.

Ta gan shi, na ga ta gan shi. Ta kau da kai da sauri, ta fizge kyamarar ta soke a ƙugun zanenta. Ko alamar tudu babu, abin da na je har Sakkwato nema ke nan. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Zare da allura!"

Kwana uku ban ga kyamarata ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na aika matata Rabi, duk a banza. Abin ya dame ni ƙwarai, don Yaya ya kira sau biyu ina ce masa ana nan ana ƙoƙari. Rabi ce kawai na lura tana wani murmushi in ta fito daga ɗakin Inna, in na tambaya ta ce ba komi.

Ana gobe motar za ta tashi, da sassafe, Inna ta same ni ina alwala. Ta ajiye kyamarar a kan buta ba ta dube ni ba. Ta ce, "Karɓi tsiyarka, ta mutu." Ta juya, sannan ta tsaya. "An ce motar albasa gobe take tashi. Ni dai ban aike ka komi ba. In ka sa mata wuta ka maido mini abina."

Sai a lokacin Rabi ta buɗe baki. Ta ce ranar farko tana tsakar gida ta ga ɗakin Inna yana ta walƙiya da rana tsaka. Inna ta ga yadda nake zame murfi, amma ta ɗauka ta ɗan idon nan ake leƙa mutum, sai ta juya shi wajen fuskarta tana leƙe tana danna na sama. Da ta gaji ta kira Rabi ta ce, "Abin ga, ina ake taɓawa ya yi haske? Allurata ta faɗi." Rabi ta juya mata shi, ta danna mai kibiya har hoton Yaya ya fito, ta nuna mata sau biyu, ta fito ta saki asabari. Tun daga nan Inna ke ciki da shi har batir ya ƙare.

Na ruga bakin tasha wurin mai caji, na tsaya a kansa kamar mai jiran haihuwa. Da ta farka na fara dubawa. Rufin ɗaki. Kunne. Ƙofar hanci, har uku. Ido ɗaya, fari fat da walƙiya. Ina dariya ni kaɗai har mai caji ya leƙo. Sai na zo kan wani na daina. Inna ce, ta fito bakin ƙofa inda haske yake, ta miƙar da hannu nesa kamar yadda take yi in za ta zura zare, fuskarta duka ta fito. Ba kallabin fita, ba shiri, ba kau da kai. Idonta biyu tsaye a kan mai kallo. Ni da nake autanta, wanda take kallo kullum, ban taɓa ganin wannan kallon ba. Kuma duk wanda ya danna mai kibiya sai ya bi ta kan hotunan nan kafin ya kai ga Yaya, don haka ta san suna ciki.

Ranar na je Konni aka wanke mini hoton nan guda biyu. Ɗaya na kai Galmi na damƙa wa direba a cikin ambulan, na ce ya riƙe shi kamar lasisinsa. Ɗayan na ba wani ɗan kabu-kabu mai shiga Sakkwato ya kai wa Bello, da reza sabuwa a ciki.

Bayan kwana tara salulata ta yi ƙara. Kafin in ɗauka Inna ta riga ta jawo faifai. Na ce salamu alaikum, ban ji komi ba sai hayaniyar kasuwar Abijan. Can Yaya ya ce, "Auta, wa take kallo haka?"

Na ce, "Kai take nema a ciki, Yaya."

Da ya sake magana, muryar ba irin tasa ba ce. Ya ce, "Shekarata arba'in da shida. Yau ta fara kallona."

Na waiga. Inna tana ta juya wake, kanta a ƙasa. Sai ta ce, kamar da faifan take magana, "Ka ce ma wancan ya rame. Ya riƙa cin abinci."

Na wanke mata hoton Yaya babba, na sa a gilashi, ta ce in fitar mata da shi daga ɗaki kafin mutane su gani. Babban hoto ba ya shiga ƙugun zane kamar kyamara. Don haka masu cewa in zo in ɗauke su hoto a suna da biki, ku yi haƙuri ku nemi Idi, ni ban da kyamara. Duk bayan kwana uku Inna takan ajiye ta a kan butata, ba ta dube ni ba, ta ce ta sake mutuwa, ni kuma in ɗauka in nufi bakin tasha.